Yaya Mamman da Ingilishin Bayan Tirela

Duk wanda ya san Yaya Mamman a garin nan na Konni ya san farin aljihunsa. Ko rigar Sallah aka ɗinka masa, kafin la'asar alli ya ɓata ta. Ya bar aikin koyar da Ingilishi a koleji da daɗewa, amma alli bai bar shi ba. Ni ƙanwarsa ce, ban taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko, amma saboda masifarsa sai da na haddace wasu 'yan kalmomi uku: hu da wic da dat. Ya ce su ne "wanda" da "wadda" na Ingilishi, kuma masu harshen sukan yar da su a wasu wurare, magana ta tafi daidai. Wannan yarwar ce ta hana wa yayana sakat har ya koma ga Allah.

Kuna dariya, ni ma ina yi. Amma kun san abin da ke cin mu a gida shekara da shekaru: ba ya magana da ɗansa na fari, Laminu. Zan zo kansa.

Wata rana na dawo daga kasuwa na iske taro a tasha. Ashe yayana ne ya taka tayar wata tirela da ta shigo daga Najeriya, yana rubutu a bayanta. An rubuta da Ingilishi wai Ubangijin da nake bauta wa ba ya barci, shi kuma ya ga an tsallake kalmarsa ta dat, yana cike ta da alli. Direba ya taso a fusace.

"Baba, sauko! Ai haka ma daidai ne!"

"Na san daidai na," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Amma kai, ka aje Ubangiji can, ka aje bawa nan, ba igiya tsakaninsu? Mi za ka riƙa in ka hwaɗi rami?"

Direban ya ce a ƙara wa rubutun kauri kada ruwa ya wanke. Ni kuwa kunya ta sa na ja mayafi na wuce kamar ban san shi ba.

Tsofaffin ɗalibansa da ke zaune nan su ƙaryata ni in na ƙara gishiri. Sufeton makarantu ya zo daga Tawa ya ce dole ya koya wa yara inda ake yar da kalmar, tunda littafi ya yarda kuma jarrabawa na tambaya. Yaya ya ce to. Ya koyar tsaf, bai rage komai ba. Sai dai in ya rubuta ta ya goge, yakan bar gurbinta fili, ya sa aji duka su yi shiru na numfashi guda in sun iso wurin. Da sufeto ya dawo ya ji yara na karatu suna tsayawa cak a tsakiyar magana, ya tambayi dalili.

"Ta'aziyya muke, ranka ya daɗe. Wata ta rasu nan."

Kai, Yaya! Taurin kai kamar jakin da ya ga gada.

To, Laminu. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye "yaron nan" yake ce masa, uwarsa Hajo kuma ta ce "wancan". Wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma ana gab da jarrabawar gama koleji Laminu ya ajiye littafi ya hau kabu-kabu, yana jigilar mutane zuwa iyaka. Can ya kwaso Ingilishin bakin hanya mai gutsure-gutsure, ranar nan ya yi kuskuren gaida ubansa da shi a gaban baƙi. Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya tashi ya shige ɗaki. Daga ranar bai sake fuskantarsa da magana ba.

Saƙo dai yana zuwa, amma ta bakinmu, kuma da jela. Suna zaune tabarma ɗaya zai juyo gare ni: "Rabi, hwaɗa ma wanda ya bar lakwal, wanda babur ɗinai ke hana ma unguwa kwana, tuwo na hucewa."

Na ce, "Yaya, ga shi nan gabanka, kunnenai biyu!"

"Ke nika ma magana."

Mun yi dariya da farko. Daga baya abin ya daina ba ni dariya. Na sha ganin Laminu, ƙato da gemu, ya fita zaure yana share ido da hularsa. Na yi wa Yaya faɗa har muryata ta dushe, na kawo liman, na kawo kawunmu daga Malbaza. Ya saurara da ladabi, ya raka su ƙofa, ya dawo ya ci gaba da halinsa. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma na gaya masa.

Bara ciwon hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya yi nauyi. Laminu ya jingine babur. Shi ke ɗaga shi, shi ke masa wanka, shi ke juya shi. Mutumin da ba ya rage ko harafi, ga shi kalma ɗaya sai ya yi gumi.

Wata Laraba bayan la'asar muna tsakar gida, ni da Hajo muna tsince wake, Laminu ya gama ba shi kunu ya juya zai kai kwano. Yaya ya dube ni ya fara, "Hwaɗa ma… wanda…" Numfashi ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya rufe ido, na zaci barci ne. Sai muka ji, a hankali amma sarai:

"Laminu."

Hajo ta toshe baki da hannu. Shi kuwa yaron ya juya wajen zaure yana neman mai sallama, don bai san yadda sunansa yake a bakin ubansa ba.

Na ce, "Kai, ubanka na kiran ka!"

Kwanon ya faɗi. Ya durƙusa, "Na'am, Baba."

"Zamna nan."

Ya zauna. Yaya ya riƙe yatsunsa da hannun da ke motsi har aka kira magariba. Mako bai zagayo ba Yaya ya cika.

Allah Ya jiƙan Yaya Mamman, Ya yafe masa taurin kansa, Ya haskaka kabarinsa. Laminu, Allah Ya ba ka ladan haƙurinka, Ya haɗa ku a inda za ka ji kiran nan har ka ƙoshi. Amin.