Ramukan Kaka Dije

Mu biyu ne kawai a gidan, ni da Kaka Dije, mahaifiyar babana. Uwata ta rasu ina rarrafe, babana kuwa ya tafi cin rani Najeriya wata shekara, ranin nan bai ƙare ba har yau. Gidanmu ne na ƙarshe a wani ɗan ƙauye kusa da Gabi, daga danga sai gonaki. Lokacin sanyi, da an yi magariba mun ci tuwo, Kaka takan tura karan dawa cikin murhu ta miƙe ƙafafu. Ina jiyo dariyar yaran manyan gidaje daga cikin gari. Mu taronmu mutum biyu ne da akuya ɗaya, amma haka za ta ɗaga murya ta fara tatsuniya kamar yara ashirin ke gabanta.

"To, ga ta ta iso ƙoharku," in ji ta. "Ango, ba ka amsawa? Ko in tahi in nemi wani miji?"

Ni ne angon, da majina a hanci. Sai in ce ta shigo.

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma ɗaya ta zauna. Wai akwai ƴanmata uku uwa ɗaya uba ɗaya: Jigawa, Fadama da Geza. Wani baƙo mai suna Ruwa yakan zo garinsu sau ɗaya a shekara. Jigawa mai fara'a ce, da ya yi sallama ta buɗe masa, sai dai ɗakinta ba bango a baya. Ya shiga ta gaba ya fice, kwana uku tana kukan ƙishi. Fadama kuwa in ta kama baƙo ba ta saki. Takan riƙe shi har ya gundura, ranar da ya kuɓuce kuma fuskarta ta tsattsage don baƙin ciki. Geza ita ce auta. Ta fi Jigawa abin hannu, amma ƙofarta a rufe take. Ruwa ya ƙwanƙwasa, shiru, sai ya zame ta gefen gidan ya gangara rafi. Gari duka ya ce Geza marowaciya ce.

Wata tsohuwa ce ta gane ba rowa ba ce, kunya ce. Ba ta ɓalle ƙofar ba. Ta fafe ƴar ƙaramar taga, ta ajiye kashin awaki a bakinta. Gara ta zo cin kashin, ta yi ta huda hanyoyi zuwa ciki. Da baƙo ya dawo, ya zauna a bakin tagar ya huta, a hankali ya sulale ciki.

"Daga nan fa, Kaka?"

"Daga nan sai hatsi, sakarai. Mi ka ci yanzu?"

Ban san gonarmu take ba ni labari ba. Da aka raba gadon kakana, ƴan'uwansa sun ɗauki jigawa mai sauƙin noma da ɗan yankin fadama, aka bar mata geza a kan gangare, ƙasa mai tauri wadda fartanya ke tsalle a kanta. Kowane rani takan haƙa ƙananan ramuka jere-jere, ta tara ƙasar a gefen gangare, ta zuba taki tafi ɗaya a kowanne. A ramukan nan take shuka. Kuma tana da yadda take gane ƙasa: ta ɗiba, ta tofa miyau, ta murza a tafin hannu. In ta watse, jigawa ce. In ta miƙe kamar igiya, lakar fadama ce. In ta dunƙule ta tsage, geza ce. Tata kuwa, bayan shekaru ana ba ta taki, ta yi duhu, tana da ɗan laushi.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa, na wuce Maradi, na zama malamin labarin ƙasa. Na koyi sunayen ƙasa da Faransanci, na san yashi da laka da abin da ke tsakaninsu, na iya zana su hawa-hawa a allo. Kai ya kumbura. Shekarar da idon Kaka ya mutu, ta kasa fita gona, na zo hutu na dubi ramukanta sai na ji kunya, kamar aikin talauci. Ban shawarce ta ba. Na kawo masu garmar shanu bayan yayyafin farko, suka kece gonar daga sama har ƙasa, suka baje komai. Na tsaya ina jin daɗin yadda ta yi sumul.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na je. Duk baƙar ƙasar da ta tara tun kafin a haife ni ta bi layin garma ta gangara rafi. Abin da ya rage ja ne, yana ƙyalli kamar daɓen ɗaki.

Na dawo gida wurin Kaka. Tana zaune a bakin murhu, ta miƙo hannu.

"An sha ruwa jiya. Ɗebo mini ƙasar gonata in ji."

Na so in ɗebo ta wani wuri, na kasa. Ta karɓa, ta tofa miyau, ta murza. Ta daɗe tana murzawa.

"Wagga ba tawa ba ce," in ji ta. Can kuma ta ce, "A'a, ita ce. Haka na iske ta ranar da anka ba ni."

Na faɗa mata abin da na yi. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ma ta yi. Ta kakkaɓe hannunta a zane kawai.

"Ango, ashe duk daren nan barci kake ina magana."

Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma ƙara tambayar gona ba. Kafin wata damina ta rasu.

Yanzu in na zo darasin ire-iren ƙasa, nakan ajiye alli in ba ɗalibaina labarin ƴanmatan nan uku. Suna dariya, suna kuma cin jarrabawa da shi. Abin da ba na faɗa musu shi ne, sanin sunan ƙasa daban, sanin halinta daban, kuma wadda ta san halin na zauna kusa da ita shekara da shekaru ban tambaye ta ba.

Gidan ya zube, amma gonar tana nan. Kowane rani nakan zo in haƙa ramuka, baya yana ciwo, masu amalanke suna wucewa suna mamakin mushe, malamin lakwal, da fartanya. Bara na ɗebi ƙasa daga cikin wani rami, na tofa miyau, na murza. Ta ɗan yi duhu, ta ɗan yi laushi. Na juya da hannu a miƙe don a taɓa a faɗa mini ko ta yi. Ba kowa a gonar sai ni.