Ranar da Honarabul Ya Shiga Layi

Har yau ban manta da ranar da aka umarce ni in koya wa kwamfuta girmama manya ba. Lokacin ina injiniya a wani ƙaramin kamfani kusa da Ƙofar Mazugal, ana tsakiyar kakar zaɓe.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: ba mu da manyan injina namu, haya muke yi ta intanet, abin da ake kira kilawud. Ayyukan kwastomomi suna shigowa su yi layi, wata manhaja kuma ta tsara wanda zai fara da injin da zai hau. Ƙa'idarmu ita ce na gaggawa a gaba, saura kowa ya bi sahu. Cikin masu gaggawar har da wani asibiti a Sheshe, da muke tura wa likitocinsa sakamakon gwajin jini.

Sai manajanmu, Alhaji Sabo, ya samo kwangilar wani Honarabul mai neman kujera: a tura muryarsa zuwa wayoyin jama'a.

"Injiniya, ka sa aikinsa a gaban kowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikinsa ba ya ƙarewa. In ya tsaya a gaba, ƙananan ba za su taɓa samun wuri ba."

"Au, ita kwamfutar ba ta san manya ba ne? To koya mata."

Na koya mata, ta kuwa ɗauki karatu fiye da ɗan jam'iyya. Tun safe injina ke rabon alkawarin rijiyar burtsatse, gwajin jini na zaune a baya.

Bayan azahar sai ga Hajiya Binta, shugabar nas-nas ta asibitin. Ta ce akwai matar da tiyatarta ke jiran sakamako, benci kuma cike da mutane. Manaja ya fara yi mata bayanin matsalar netwok. Ba ta ko kalle shi ba, ta tambaye ni gaskiyar magana, na faɗa. Ta karɓi lambar Honarabul, ta kira shi a gabanmu.

"Alhaji, kowa a bencin asibitinmu yana da katin zaɓe. In gaya musu muryarka ce ta tare hanya?"

Tana ajiyewa wayar manaja ta yi ƙara, Honarabul ne. Manaja ya yi ta zuba "to ranka ya daɗe" har ya gode Allah, sannan ya juyo kaina.

"Wai wa ya ce ka taɓa tsarin nan?"

Na mayar da shi yadda yake a da, sakamako ya fita, aka yi wa matar aiki lafiya. Washegari muka ji Honarabul a rediyo yana bayanin yadda ya ceto asibitin Sheshe.

Daga nan na ƙara ƙa'ida ɗaya: duk aikin da ya daɗe yana jira, darajarsa ta riƙa hawa har ya wuce babba. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe ta, kuma kada ku gaya wa manaja akwai ta.