Na Je Lyon Duba Ƙafafun Jikana

Ɗiyata ba ta iya ɓoye magana ba. Kwana uku tana shiga banɗaki da waya a gidanmu na Aubervilliers, ta fito ido jawur, ta ce mura ce. Ran na huɗu na tare ƙofa. Sai ta faɗa: ɗanta da ke karatu a Lyon ya daina ci, ya daina barci, yana cewa ana bin sa. Abokansa sun kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Ban yi kuka ba. Na ɗauko man kaɗe da tsohon zane, na yayyaga shi.

"Inna, me za ki yi da tsumma?"

"Ke dai sayo mana tikiti."

Ni na san irin wurin nan, ita ba ta sani ba. Ina ƴar ƙarama a Damagaram, zamanin Nasara, irin ciwon nan ya kama wani kawuna. Ba ya dukan kowa, surutu ne kawai da ihu a kasuwa. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka kulle shi a wani ɗaki bayan asibiti, da marin ƙarfe a ƙafa. Duk Juma'a nakan bi mahaifiyata mu je wurinsa. Mai gadi ya buɗe, ta durƙusa ta shafa masa mai inda ƙarfen ya ci, ta naɗe da tsumma. Ban taɓa jin an tambaye shi abin da ke damunsa ba. A ɗakin ya rasu.

Tun cikin jirgin ƙasa na ƙudurta: in na ga ɗauri, ko na igiya ne, da yaron zan dawo.

Muka tarar da shi zaune bakin taga, ya rame.

"Ga matata ta zo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya ce ina son miji ƙashi zalla? Ɗaga wando."

"Kaka, a gaban mutane?"

"Ni na wanke ka ran da aka haife ka. Ɗaga."

Ya ɗaga. Babu tabo ko ɗaya, sai kaushi kamar na manomi. Na ce, "Shekara uku a jami'a, ba su koya maka shafa mai ba?" Na shafa masa tunda na riga na ɗauko. Na leƙa ƙarƙashin gado, na lalubi bango, ɗiyata tana ta ba ma'aikaciya haƙuri da Faransanci. Babu ƙarfe. Amma taga yatsa huɗu take buɗewa, ƙofar fita kuma sai an sa mata kati. Wannan ya ishe ni.

"Sa takalminka mu tafi."

"Kaka, ba ni tafiya."

"Sun hana ka ke nan."

"Da kaina na sa hannu. A nan ina barci. In kika ja ni yanzu, masu bi na za su dawo."

Sai ga likita, wata yarinya da ba ta kai ɗiyata ba. Na sa a tambaye ta yaushe za su sake shi. Maimakon ta ba ni amsa, ta ja kujera ta juya wajensa, shi ta tambaya. Abin ya sosa min rai, ban saba a tsallake ni ba. Ya yi ta magana, yana tsayawa, yana ci gaba, ita kuwa ba ta katse shi ba. Ban ji ko kalma ɗaya ba, fuskarsa nake kallo. Da ya gama ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka kwanta.

Na miƙe na gyara mayafi.

"To, zauna. Amma ka ci abinci. Ran Lahadi zan dawo, in na tarar da kai haka, sai ka ba ni takardata."

"Ki zo da kilishi, sai mu yi shawara."

Ɗiyata tana jira ta ga ko zan sake magana. Na ce mata wuce mu je, muka bar shi a can.