Tsaga Biyu a Ƙofar Ammi Rifat

Ranar jajiberin azumin shekarar 1404 ta Hijira, bayan la'asar, Ammi Rifat mai aski ya tsayar da mu biyu a jikin ƙofar shagonsa da ke unguwar Al-Oud, ni da ɗansa Salim, ya ce mu cire takalma mu manne ƙeya da katako. Zafin Riyad a lokacin ya kai inda in ka taka kwalta ba takalmi sai ka yi rawar da ba wanda ya koya maka, amma cikin shagon akwai fanka, akwai kuma ƙamshin turaren nan mai warin lemon tsami da yake mulka wa mutane a wuya bayan aski. Ya kwantar da mataji bisa kaina, ya ja tsaga a katakon da wata tsohuwar aska, ya yi wa Salim haka dab da tawa. Sai ya ja baya, ya kanne ido ɗaya kamar magini mai duba bango, ya ce, "Ko silin gashi babu tsakaninku. Akran."

Ammi Rifat Baturke ne, kuma da wannan kalma yake kiranmu tun muna rarrafe. A bakinsu ita ce sa'a, tsara. Mako ɗaya aka haife mu, a asibiti ɗaya, gadon Ummata kusa da na mahaifiyar Salim, Hala Nuriya. Umma a lokacin ba ta jin Larabci sai na salla, to da hannu da murmushi suka ƙulla zumunci, daga baya kuma muka zama maƙwabta a bene ɗaya. Baba ya zo Riyad karatun shari'a ne, irin karatun nan da in an gama wani sai a ce ai yanzu aka fara, don haka a can na buɗe ido, Larabci ya riga Hausa zama a bakina. Na girmi Salim da kwana uku. Wannan kwana ukun mun yi shekaru muna shari'a a kansu. Ni in ce ya rinƙa ce min yaya, shi ya ce ai da aka auna mu ya fi ni nauyi, kuma nauyi ya fi kwana. Ammi Rifat dai bai taɓa shiga ba. In ya fara aske ni wannan wata, wata mai zuwa da Salim zai fara.

Komai namu tare ne. Da safe mu je gidan burodi mu tsaya a layi, mu dawo da shi da zafinsa muna juya shi daga hannu zuwa hannu, mun gutsure gefe kafin mu iso. Da yamma mu share gashin shagon, mu yi ta musun na wane ne wannan farin, na wane ne wannan mai lanƙwasa. Saman bene kuwa nan ce masarautarmu: tankin ruwa, igiyar shanya, tantabarun wani maƙwabci, da tseren murafen kwalba da muke yi a kan layin da muka zana da gawayi. Abu ɗaya ne ba ma yi tare, shi ne ƙwallo. Salim da ciwon zuciya aka haife shi. In ya hau matakala da sauri sai ya zauna a tsakiya yana haki, leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi kamar ya tsotsi biro. Shi ya sa kullum shi ne alƙalin wasa, kuma ban taɓa ganin alƙali mai son kai irinsa ba, don ko na faɗi da kaina sai ya ba ni fanareti.

A wannan shekara muna da tara. Likita ya ce kada Salim ya kuskura ya kai azumi, saboda maganin da yake sha da rana. Hala Nuriya ta ce ba komai, a garinsu ma yara zuwa azahar suke yi. Umma ta ce ai mu ma haka ne, har ta ɗauko allura da zare ta nuna wa Salim. Ta ce duk rabi biyu ya kawo mata, za ta ɗinke masa su zama guda, ɗinkin da ko mala'iku ba za su ga bakinsa ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai ma Habibu, ka kawo naka." Ni kuwa na kumbura, na ce na wuce azumin ɗinki, talatin zan yi cif. Baba ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Madalla." Wannan madallar ita ta ɗaure ni.

Aikina ne kullum bayan azahar in hau sama in zuba ruwa a na'urar sanyaya ɗaki, irin ta da mai ciyawa a gefe, wadda sai da ruwa take hura sanyi. Ranar farko na hau da bokiti da moɗa, harshena kamar tsumma. Na zuba moɗa ɗaya, na zuba ta biyu, ta uku kuwa ban san yadda aka yi ta biya ta bakina ba. Ruwa ne mai ɗumi, mai warin tsatsa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma na sha ruwan ƙasashe da yawa bayan nan, ban sake jin mai daɗinsa ba. Na goge baki da hannun riga, na sauko ina jan ƙafa kamar wanda ya galabaita. Washegari na ce yau kam ba zan yi ba. Na yi. Haka na yi ta yi kullum, tantabaru ne kaɗai shaiduna. Da magariba in zauna gaban faranti ina jiran ƙarar igwar da ake bugawa don shan ruwa da fuskar salihai, Umma tana tura min sambusa mafi girma.

Da a nan abin ya tsaya, da yanzu labarin dariya nake ba ku. Amma yabo ya yi min yawa. Ammi Rifat ya rinƙa nuna ni ga masu aski da tsinin almakashi yana cewa ga namiji, shekara tara bai sha ko ɗaya ba. Salim yana gefe yana shara. Ran nan muna sama, wajen sha biyar ga wata, muka yi gardama a kan tseren murafe, ya ce nasa ya riga shiga, na ce nawa ne. Da na ga zai ci ni da hujja sai na ce masa, "Ni fa ba na musu da mai rabin azumi. Kai ba sa'ana ba ne. Je ka nemi sa'anninka cikin masu shan nono." Ban fi minti goma da goge bakina ba lokacin da na faɗi haka.

Bai yi fushi ba, bai rama ba, shi da bakinsa ba ya mutuwa. Ya tattara murafensa ya zuba a aljihu, ya ce, "To." Ya sauka a hankali yana dafa bango.

Bayan kwana biyu ya yi abin da ya yi, ya ɗauki cikakken azumi a ɓoye. Abincin ranar da aka ba shi ya kai wa kyanwowin bayan gida, maganin kuma ya ɓoye a cikin safa. Ba wanda ya lura. Da yamma Hala Nuriya ta ba shi kwanon miyar adas, ƙananan waken nan nasu, ya kawo mana, kamar yadda ake musayar abinci kullum kafin shan ruwa. Ina zaune na ji ƙarar kwano a matakala, yana gangarawa yana bugun kowane tudu. Muka fito muka same shi kwance, miya ta ɓata masa farar riga, leɓɓan nan sun wuce shuɗi. Baba ya ɗaga kansa ya ɗura masa ruwa, aka sa shi a motar wani maƙwabci. Motar ba ta kai bakin titi ba aka buga igwa.

Kwanansa goma sha ɗaya a asibiti. Sau ɗaya aka kai ni, kuma tun a hanya na shirya abin da zan faɗa. Zan ce masa ko ɗaya ban kai ba, zan ba shi labarin moɗa, ya yi min dariya har ya gaji, ya kira ni duk sunan da ya ga dama. Na same shi ya rame, an maƙala masa roba a hanci. Da iyayen suka fita baranda sai ya jawo hannuna ya ce, "Ka kai nawa?"

Na ce, "Ashirin da biyar."

Wallahi haka bakina ya faɗa, ni ina jinsa kamar bakin wani.

Ya gyaɗa kai irin na wanda ya sallama. Can ya ce, "Nawa saura kaɗan ne fa. Tambayi Umma, tana iya ɗinke wanda saura kaɗan? Ƙyalle ƙarami kawai zai ci." Na ce zan tambaya. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai ga Baba ya leƙo ya ce mu bar mara lafiya ya huta. Na bi shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da ɗan jin sauƙi a raina.

Ya dawo gida, an yi salla, Baba ya saya min agogo saboda azumi talatin. Salim ya karɓa ya kara a kunne, ya ce yana da kyau. Mun ci gaba da wasa, amma ya daina musun kwana ukun nan. Wata rana ma ya ce min yaya, ba da wasa ba, na ji kamar ya mare ni. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa. Yaro yana ganin gobe kamar ruwan tanki ne, ko yaushe ka buɗe famfo akwai.

Da sanyi ya shigo ya rasu, wata safiya, ina makaranta. Likitoci sun ce zuciyar ce, dama an san ba za ta kai shi nisa ba, kuma ba ruwan wancan azumi. Umma ma haka ta yi ta faɗa wa Hala Nuriya. Ba wanda ya zarge ni, tunda ba wanda ya san akwai abin zargi. Aka kai shi maƙabartar Al-Oud, nan kusa da mu. Ba suna, ba rubutu, tudun ƙasa ne da dutse a kai da ƙafa. Baba ya riƙe kafaɗata ya ce in duba da kyau, har sarakunan ƙasar a nan suke kwance, kuma ba mai iya nuna min bambancin nasu da na ɗan mai aski.

Jajiberin azumin da ya biyo baya ina wucewa ta ƙofar shagon da sauri, Ammi Rifat ya kira ni. Ya ce in cire takalma. Ya kwantar da mataji, ya ja tsaga. Tawa ta hau da yatsa biyu. Ya daɗe yana kallon ta ƙasan, sannan ya shafa ta da babban yatsa kamar mai share ƙura. Shekara huɗu yana yi min haka, tsagogina suna hawa kamar tsani, ta Salim tana nan inda take. Kuma bai fasa gaya wa masu aski ba cewa wannan akran ɗin ɗansa ne, wanda ya kai talatin yana shekara tara. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, ina kan kujera, na ce, "Ammi, wancan azumin fa..." Ya danna kaina gaba ya ce, "Kar ka motsa, ɗana, kunnenka zan yanke." Ban sake ba. Daga baya suka yi fita ta ƙarshe suka koma ƙasarsu, mu ma karatun Baba ya ga dama ya ƙare.

Na zama tafinta, aikin da ya kai ni garuruwan da ban iya lissafawa. Wata shekara a Istanbul na sayi ƙamus na Turanci da Turkanci, na buɗe kalmar da Turawa ke ce wa sa'a, wato peer. Ashe su abin nasu da faɗi: sa'an haihuwa ne, abokin sana'ar da ke duba aikinka ne, har wani babban basarake a majalisarsu ma haka suke ce masa. Turkawa suka jera nasu a gaba, emsal, yaşıt, da sauransu. A farkon layin kuwa ga akran. Na rufe littafin na biya kuɗi, mai shagon yana ta yi min bayanin wani bugu da ya fi wannan, ni kuwa warin lemon tsami kawai nake ji.

Bara cikin watan azumi aiki ya mayar da ni Riyad. Na sauka wajen wani ƙanena injiniya a unguwar Al-Shifa, 'ya'yansa suna gaishe ni da Hausar da ta fi tawa ta da karkacewa. Ƙaramarsu ta zo ta ce min rabin azumi take yi, na ce ta kawo, ni ma na iya ɗinki. Da la'asar na ɗauki tasi zuwa Al-Oud. Benenmu yana nan, amma shagon ya zama na sayar da wayoyi, ƙofar gilas da ƙarfe, ba katako ko na asuwaki. Na taka zuwa maƙabarta na tsaya. Tudu ne bayan tudu har inda ido ya kai, duk iri ɗaya. Na zaɓi wani gajere na tsaya a kansa, ban san ko nasa ba ne, na faɗi abin da na kasa faɗa a asibiti. Na ce ko ɗaya ban kai ba, Salim, naka mai saura kaɗan shi ne mafi tsawo a tsakaninmu.

Sa'annina na yanzu duk mun yi furfura, in mun haɗu hirar hawan jini muke yi da ta kuɗin makaranta, ba mai tambayar wa ya girmi wa. Da kwana uku muke gardama a kai, ni da shi. Yanzu shekara arba'in na ba shi, kuma babu mai yi min musu.