Wuƙar Mahaifina a Filin Jirgi

Da zan tafi Hajji daga Dingyadi, na haddace dokokin jirgi: ɗaura bel, kashe waya. Ba wanda ya ce mini wuƙa sai a babban akwati. Wadda marigayi mahaifina yake fiƙe alƙalami da ita tana aljihuna, don abin gado ba ya nisa da jiki.

Ma'aikacin bincike ya zaro ta. "Baba, ba ka ga sanarwa ba?"

Na gani. Hausa na koya a ajin yaƙi da jahilci, su kuwa da Turanci suka rubuta.

"Ɗana, aje min ita in dawo."

"Doka ta, Baba."

Ya wurga ta kwandon shara a gabana. Na hau jirgi, kuma har yau ban huce ba.