Langar Baƙi

Ƙwallo ta yawata da ni fiye da yadda ta ɗaukaka ni. Ba na cikin waɗanda ake manna hotonsu a shagon aski. Ni mai tsaron baya ne, irin wanda kulob ke nema idan nasu ya karye, a sallame shi idan wancan ya warke. A filin wata firamare a Dutsin-Ma na fara, na buga a Katsina da Maraɗi, daga nan sai Kwatano, Sudan, Oman, har wani gari a Bangladesh da har yau ban iya faɗin sunansa daidai ba. Kowane wuri kaka ɗaya, in an yi sa'a biyu. Ejan ya bugo waya, in ɗaure jaka.

Mutane kan ɗauka abin da ya fi ciwo a wannan yawo shi ne zaman benci, ko kocin da ke zaginka da yaren da ba ka ji. Ni abinci ne ya fi ci mini rai. Ba ɗanɗanonsa ba, cikina ba ya zaɓe. Cinsa ni kaɗai.

A ƙauyenmu, kusa da Wurma ta ƙasar Kurfi, ni da 'yan'uwana maza akushi ɗaya muka tashi muna sa wa hannu. Da an fito sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Yaya, babban wanmu, shi ke raba nama in akwai, kullum kuma sai an ce ya yi son kai. Ƙanena mai bi mini ɓarawon loma ne na gaske, ka gyara gefenka ka juya, ka tarar ya yi masa rami. A nan ake gardamar shanu, a nan ake tsokanar wanda budurwa ta juya wa baya, baki cike da tuwo.

A Sudan, gaskiya, ba su bar ni ni kaɗai ba. Mutanen kirki ne, sukan jawo ni kan tirensu. Amma hirar da Larabci ake yi, sai an gama dariya nake fara tawa. A Oman kulob ya ba ni ɗaki mai sanyi kamar randa, a kawo shinkafa a roba, in ci ina kallon bango. A Bangladesh mu baƙin 'yan wasa otal ɗaya aka zuba mu, kowa ya ɗauki farantinsa ya shige ɗaki da wayarsa. Nakan kira gida daidai lokacin da na san an sa akushi, don kawai in ji hayaniyarsu. Sabis ɗin ƙauyenmu kuwa ba ya da kunya, ana fara gaisuwa yake yankewa.

Duk ƙarshen kaka nakan zo hutu. Tun zuwan farko Inna, mahaifiyarmu, ta ciro wata langa mai furanni da ba a taɓa ta sai an yi baƙon kunya. Aka gyara mini shagon ƙofar gida, aka kawo shinkafa da zabo har ɗaki, da cokali. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi a lokacin. Na ɗauka girmamawar kwana biyu ce.

Da gwiwata ta ƙi, likita ya ce in na ƙara wata kakar sai dai sanda, na tattaro na dawo gaba ɗaya. Abin mamaki, ban yi baƙin ciki yadda na zata ba. Tun a motar Dutsin-Ma zuwa Kurfi abin da ke raina ke nan: na gama cin abinci ni kaɗai.

Ranar farko langa ta zo. Na ce ta sannu da zuwa ce. Sati ya wuce, wata ya wuce, damina ta faɗi, langa ba ta fasa ba. Yaya har dam ɗin Zobe yake kora babur ya sayo mini kifi. A masallaci kowa muka gaisa sai ya ce, "Yaushe za a koma?" In ce na dawo ke nan, ya yi murmushi ya ce Allah ya tsare hanya. Da magariba ina zaune kan kafet, ga kifi ga cokali, ta taga ina jiyo ƙanena yana rantsuwa ba shi ya ci gefen wani ba. Wallahi kaɗaicin Oman bai kai wannan ba, don can aƙalla akwai teku tsakanina da su.

Na shiga cikin gida na sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, don Allah a daina yi mani girki daban."

Ta ɗago ta dube ni. "Mi aka yi? Gishiri ya yi yawa?"

"Ba haka ba ne. Tuwon da kowa ke ci nike so."

"Haba. Kai da cikinka ya saba da cimar Turai? Dawa ta murɗe maka ciki, a ce mun kasa riƙe ka."

"Ni fa ban taɓa zuwa Turai ba, Inna."

"Duk inda sai an hau jirgi ai Turai ne," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na gane ba za a yi da magana ba. Washegari da langa ta iso, na sunkuce ta, na fita ina ɗingishi har ƙofar zaure. Na tarar da su ana tsakiyar gardama kan wani bijimi da aka sayar a kasuwar Dutsin-Ma. Na yi sallama. Gardamar ta tsaya a inda take.

"A'a! Bismilla, bismilla," in ji Yaya, ya miƙe tsaye. "Ku matsa mashi. A ɗauko darduma, kada ya zamna ƙasa da ƙafar nan."

Na ce a bar darduma. Na zauna a tabarma, na buɗe langa, na juye shinkafar da kifin a kan tuwonsu, na wanke hannu. 

Muka fara ci. Na jira a koma kan bijimin, ba wanda ya koma. Na ce, "To nawa ya kamata a sai da shi?" Yaya ya ce ai ba wani abu ba ne, maganar ƙauye ce kawai. Ƙanena ya tambaye ni ya ƙafa, cikin ladabi, idonsa a ƙasa. Na gyara gefena da kyau, na juya kai da gangan ina kallon hanya. Da na waiwayo gefena na nan yadda na bar shi, har an turo mini kifin duka.

Ba a jima ba ɗaya ya ce alhamdu lillahi, ya lashe yatsu ya tashi. Ƙanena ya bi shi. Akushi ko rabi ba a ci ba, kuma na san cikinsu, yini suka yi a gona. Suka koma gindin darbejiya can gefe, ina ji hira ta fara tashi ƙasa-ƙasa.

Yaya ne ya rage. Ya ɗan taɓa loma biyu don kada a ce, sannan ya tsame hannu, ya tura akushin gabana da fara'arsa ta tsakani da Allah.

"Ci ka ƙoshi," ya ce. "Kada ka ji kunyar kowa. Nan ma gida ne."

Na ce masa na gode.