Yatsun da Baba ya rufe a Manga

Na san na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko na bar aikin manhaja, ku yi haƙuri. Da hannun hagu nake rubuta wannan, don haka a hankali za mu je.

Lokacin girbi ne. Na je ƙauyenmu Manga taya Baba casar dawa. Injin casar ya toshe, na sa hannu in zaro kara ban kashe shi ba.

Ban ji zafi ba da farko. Sautin injin kawai na ji ya canza.

A babur aka kawo ni asibiti a Zuru, hannuna a naɗe cikin rigar wana. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka yi ƙarin jini, aka shiga da ni tiyata. Da na farka likita ya ce, "Samari, babban yatsa da ƙaramin sun tsira. Na tsakanin su ba mu iya ceto su ba."

Kullum da safe wankin ciwo. Ƙarar keken magungunan nas kaɗai idan na ji, sai in fara raki. Kuɗin magani kuwa, sai da awakin Mama suka tafi kasuwa.

Baba tsohon soja ne, ba ya yawan magana. Shi ya karɓi yatsun a cikin ƙyalle, ya kai su gona, ya rufe a gindin ɗorawa.

Ni makarantata ba ta yi nisa ba. A shagon buga takardu na koyi kwamfuta, daga baya na koyi rubuta manhaja a waya. Duk abin da na sani, hannuna ne ya fara saninsa kafin kaina.

Da aka sallame ni na koma ɗakina a unguwar Rikoto, cikin Zuru, na buɗe laftop, ta nemi kalmar sirri.

Na zauna ina kallonta. Ashe ni ban san kalmar ba. Shekaru ina buga ta ba tare da tunani ba, yatsun dama ne suka riƙe ta. Aikina duka yana ciki, har da manhajar da nake haɗa wa Oga Emeka mai shagon magani. Mai gyara ya ce zai iya buɗewa, amma sai ya goge komai.

A lokacin ne kuma abin ya fara.

Yatsun da babu su suka dunƙule. Ina jin farcensu yana nutsewa cikin tafina. In duba, bandeji ne kawai. Wata rana da tsakar rana na ji sun jiƙe, sun yi sanyi, alhali Rikoto a bushe take ƙamas. Da yamma wana ya zo yana cewa an yi yayyafin ba-zata a Manga.

Ranar da suka zo duba ni ita da Baba, Mama ce ta kama ni ina sosa iska.

Ta juya wurin Baba ta ce, "A naɗe ka rufe su halan? A tahi a tono su a miƙe, yaron nan shi samu barci."

Baba ya ce, "Abin da anka rufe an rufe." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Oga Emeka ya zo da lemo. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba gaggawa, amma idan ba za ka iya ba ka faɗa mini gaskiya, in nemi wani." Na ce masa ya ɗan jira. Ni kaina ban san me zai jira ba.

Ranar komawa asibiti na daure na gaya wa mai gashin ƙashi, wata mata mai raha. Na zaci za ta ce na taɓu. Dariya ta yi.

"Kai ma baƙinka sun ƙi tafiya? Ƙwaƙwalwarka ce ba ta yarda sun tafi ba. Zo nan."

Ta tsayar da madubi a tsakanin hannuwana, ta ɓoye na dama a bayansa. Na ga hannu biyu cikakku. Ta ce in buɗe na hagu a hankali ina kallon madubin.

Na buɗe. Waɗanda babu su ma suka buɗe. Gashin jikina ya tashi.

Na ci gaba da yi a gida da madubin Mama. Wata safiya bayan na gama, na ɗora guntun hannun a kan kibod, haka kawai. Sai na ji sun motsa. Manuniya ta taɓa nan, na tsakiya ya haura sama, ɗayan ya biyo. Babu maɓallin da ya danna, amma na san inda kowanne ya sauka.

Na bi sawunsu da hagu, ɗaya bayan ɗaya.

Laftop ta buɗe.

Ba murna na fara ji ba, tsoro ne.

Yanzu ina aiki. Hagu ke ɗaukar nauyi, babban yatsa da ƙaramin suna taimakawa, dogon bayani kuma da murya nake sa waya ta rubuta. Ina da nawa fiye da dā, amma Oga Emeka ya karɓi manhajarsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Mama da wana, da nas-nas ɗin da na yi ta yi wa raki, da matar madubi, da ku da kuka yi ta addu'a.

Don Allah ku kashe inji kafin ku sa hannu. Masu aikin kwamfuta, ku ajiye aikinku a wuri biyu, kalmar sirri kuma kada ku bar wa yatsu kaɗai. Wanda aka yanke wa gaɓa kuma yana jinta, ya gaya wa likita, ba hauka ba ne.

Kwanan baya na raka Baba gona. Da muka zo gindin ɗorawa ya tsaya, bai kalle ni ba, ya ce, "Ɗai-ɗai na miƙe su kahin in rufe. Na san aikin da suka yi."

Yanzu yatsun sun rage zuwa mini. Sai dai wani lokaci ina cikin rubutu, in ji na tsakiyan ya miƙa wajen maɓallin gogewa. Idan na duba layin da kyau, akwai kuskure.